Manja Daga Kurmi Zuwa Durba: Tarihin Yalwarsa da Ƙarancinsa a Nijeriya

Gabatarwa

Durba gari ne a ƙasar Kibiya, cikin tsohuwar ƙasar Rano, a kudancin Jihar Kano. Wanda ya zaga gonakin wannan yanki zai ga dawa da gero da masara da wake da gyaɗa, zai ga kuka da ɗorawa da tsamiya, watakila ya ga giginya a bakin fadama, amma ba zai ga itacen kwakwar manja ba. Dalili kuwa shi ne, wannan itace yana bukatar ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara, wanda zai riƙa sauka kusan kowane wata. Ita kuwa ƙasar Rano abin da take samu bai cika wuce rabin haka ba, shi ma cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba ya ɗauke.

Duk da haka, da wuya a yi mako guda a wani gida na Durba ba a aiki yaro da kwalba ya sayo manja ba. Da shi ake miyar kuka da ta kuɓewa, da shi ake alala da fate, har mai tallar dafaffen rogo ba ta rabuwa da shi. Idan abu ya zama cimar yau da kullum ga mutanen da ba su noma shi, to, farashinsa ya zama kamar wani haraji ne wanda ba su da bakin magana a kansa. Saboda haka tarihin manja bai tsaya ga mutanen kurmi kaɗai ba, akwai rabon ƙasar Hausa a cikinsa.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai da ma'aikata, cewa a farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen manja, tana samar da wajen kashi 43 cikin 100, daga bisani ta koma ta biyar, bayan Indunisiya da Malesiya da Tailan da Kolambiya, rabonta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Maganar gaskiya ce, sai dai takan sa mai ji ya zaci manjan ne ya ragu. Ba haka al'amarin yake ba. A 1961 ƙasar nan ta samar da wajen ton 670,000, a farkon shekarun 2020 kuwa an ƙiyasta abin da take samarwa ya kai kusan ton miliyan ɗaya da rabi. Watau man ya ninka biyu har ya ɗara. Amma a ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai, yanzu sun haura miliyan 200. Mai ya ninka biyu, baki ya ninka huɗu. Abin bincike ke nan: me ya hana itacen bin sawun jama'a, kuma ta yaya garuruwa irin su Durba suka shiga sahun masu jiran sa?

Kafin jirgin ƙasa

Kafin zuwan Turawa, man da Bahaushen ƙasar Rano ya saba da shi shi ne man shanu daga Fulani, da man kaɗanya, da man riɗi, da man gyaɗa wanda matan aure suke matsewa a cikin gida, su toya ƙuliƙuli da tunkuzar. Manja baƙo ne, amma tsohon baƙo. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda rini da saƙa, kuma fataken da suke kai tufafi da kanwa ƙasar Nufe da ta Yarabawa ba su dawowa da jakuna babu kaya. Harshen Hausa ma ya adana shaidar wannan hanya. Kwakwar da ake fasawa a sha ruwanta ana ce da ita kwakwar Attagara, watau ta wajen Atta na Igala, domin a bambanta ta da kwakwar manja. Kalmar alayyadi kuma, sunan man da ake fitarwa daga ƙwarar cikin kwakwa, daga Yarabanci aka aro ta.

Sai dai manja kaya ne mai nauyi, mai yoyo, ribarsa ba ta kai ta goro ba. Falke mai tafiyar wata da watanni ba zai cika mangala da shi ba alhali ga goro. Don haka ɗan abin da yake isowa na masu hali ne da masu neman magani.

Kogunan mai

Inda manja yake da yawa, teku ya nufa. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, masana'antunta sun bukaci mai domin sabulu da kyandir da shafa wa injuna, sai garuruwan bakin teku irin su Boni da Kalaba suka juya ga manja, har Turawa suka raɗa wa yankin suna Kogunan Mai. A kan wannan ciniki aka kama Sarki Jaja na Opobo a 1887 aka fitar da shi daga ƙasarsa, a kansa kuma mutanen Nembe suka kai wa Kamfanin Neja hari a Akassa a 1895.

Duk wannan man daga kwakwar daji yake fitowa, wadda ta tsiro da kanta a tsoffin kufai da gefen gonaki. Namiji ya hau da igiya ya saro nono, mace ta dafa, ta kirɓa a turmi, ta matse da hannu. Babu gandu, babu inji.

A nan ne aka yanke wata shawara wadda har yau ake jin tasirinta. William Lever, mai sabulun Sunlight, ya nemi a ba shi filaye a Kudancin Nijeriya tun daga 1907, domin ya kafa gandaye da injunan matsa, aka hana shi. Ya juya Kwango ta Beljiyam, inda aka ba shi makeken fili a 1911. Bayan kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920 ya sake taso da maganar, Gwamna Hugh Clifford ya tsaya kai da fata a kan cewa ƙasa ta masu ita ce, ba za a mayar da manoma leburori a gonakin kakanninsu ba. Wanda ya san irin aikin tilas da aka sa mutanen Kwango a gandayen Lever ba zai yi saurin zargin Clifford ba. Laifin gwamnatin mulkin mallaka a wani wuri yake. Da ta hana gandu, sai ta bar manomin da tsohon itacensa da turminsa, tana karɓar haraji a kan kowace ganga da ta fita. Tashar binciken kwakwa ta kusa da birnin Binin, wadda ta zama NIFOR a 1964, sai a 1939 aka kafa ta.

Kafin nan wasu sun riga sun yi nisa. A 1848 aka dasa kwakwar Afirka guda huɗu a lambun Bogor, a tsibirin Jaba, ƙarƙashin mulkin Holan. Daga zuriyarsu aka buɗe gandayen kasuwanci a Sumatara a 1911, a Malaya kuma a 1917. Kafin ƙarshen shekarun 1930 Sumatara ta wuce Nijeriya wajen fitar da manja, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ne, da ya ɗaiɗaita gandayen Asiya, ya mayar wa Nijeriya da kambunta na ɗan lokaci. Wannan ya isa ya gyara wani labari da ake yawan bayarwa, wai Malesiya a shekarun 1960 ta zo ta karɓi iri a Binin ta tafi ta fi mu. Lalle masu bincikenta sun zo a 1973, sun tattara iri tare da ma'aikatan NIFOR domin kyautata nasu. Amma sun zo ne suna da gandaye masu shekara fiye da 50, sun kuma riga sun zama na ɗaya wajen fitarwa tun 1966.

Gyaɗa ta sauka, manja ya hau

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Layin dogo bai bi ta Rano ba, amma jakuna, daga baya kuma motoci, sun kai gyaɗar ƙasar wurin awo, manomi ya dawo gida da tsabar kuɗi a aljihu. Taragun da suka sauka kudu da gyaɗa da fatu da shanu su ne suka hauro da goro da gishiri da kananzir da manja. Layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya ratsa tsakiyar ƙasar kwakwa, ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan a 1927, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Daga nan gangar manja ta sami hanyar zuwa Kano ba tare da an sauke ta a bakin Binuwai ba.

A Sabon Garin Kano 'yan kasuwar Ibo da na Yarabawa suke sauke shi, Hausawa mazauna zangunan kudu, irin su Sabo ta Badun da Anaca da Umuahiya, su ma suna saye suna aikowa. Daga ganga a juye a garwa, daga garwa a juye a kwalba, har ya isa kasuwannin ƙauye a bayan keke. Ta haka manja ya fita daga sahun magani ya shiga tukunyar talaka. Amma a wannan zamani ƙari ne kawai a kan man gida. Matar Durba tana da gyaɗarta a rumbu, in manja ya yi tsada sai ta ƙyale shi.

Ba haka yake ga matar gabas ba, wadda shi ne jarinta. Faɗuwar farashinsa, haɗe da jita-jitar za a ɗora wa mata haraji, ita ce ta ta da boren matan Aba a ƙarshen 1929, inda sojoji suka kashe mata fiye da 50.

Hukumomin ciniki

A 1949 aka kafa hukumar cinikin manja da ƙwarar kwakwa, aka kafa ta gyaɗa, a 1954 kuma aka raba su ga gwamnatocin jihohi. Hukuma ita kaɗai ke da ikon fitar da amfanin gona waje, ita ke yanka farashin da za a biya manomi. Hujjar da aka bayar ita ce a tara rara a shekarar tsada domin a tallafa wa manomi a shekarar araha. A aikace rarar ta zama kuɗin shigar gwamnati. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya lissafta cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1960, abin da aka riƙe daga hannun manomi, rara da haraji, ya kai wajen kashi 21 cikin 100 a manja, kashi 28 a ƙwarar kwakwa, kashi 25 a gyaɗa. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: yadda aka tatsi mai hawan kwakwa a Aba haka aka tatsi mai gyaɗa a Kibiya.

Ba a ce kuɗin duka ya salwanta ba. Da kuɗin hukumar cinikin Jihar Gabas aka kafa Jami'ar Nsukka a 1960, gwamnatin Michael Okpara kuma ta buɗe gandaye da ƙauyukan manoma. Amma manomin da ake zaftare masa kashi ɗaya cikin biyar ba shi da dalilin sare tsohon itace ya dasa sabo, ya zauna shekara huɗu yana jiran 'ya'ya. Alhali tun 1941 masu bincike a Yangambi ta Kwango suka gano sirrin irin nan da ake kira tenera, mai siririn ɓawo da kaurin tsoka, wanda yake ba da mai fiye da kwakwar daji nesa ba kusa ba. Malesiya ta rungume shi, hukumarta ta FELDA, wadda aka kafa a 1956, ta zaunar da talakawa a sababbin gonaki kewaye da injin matsa.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ikon hukuma a kan man da zai fita waje ne kawai, ba ta da iko a kan wanda za a ci a gida. Ko a shekarun 1950, lokacin da abin da ake fitarwa ya kai wajen ton 200,000 a shekara, wanda ake ci a cikin ƙasa ya fi shi yawa. Duk sa'ad da farashin hukuma ya yi ƙasa, mai manja sai ya juya wa wakilinta baya ya sayar wa ɗan kasuwar Kano. Watau harajin da ya hana dashe shi ne kuma ya karkato da man zuwa Arewa. Durba ta ci moriyar wannan a lokacin, 'ya'yanta da jikokinta suke biyan bashin.

Yaƙi da fari da fetur

Shekara goma, daga 1966 zuwa 1975, su suka sauya kome. Kashe-kashen 1966 sun kori mutanen gabas daga Sabon Gari, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma a tsakiyar ƙasar kwakwa aka yi shi. Dogo ya yanke a gabas, injuna suka lalace, gandaye suka koma daji. Da aka gama yaƙi sai kuɗin fetur ya kwararo. Samarin da suka iya hawan kwakwa suka nufi Fatakwal da Ikko, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata suka ƙara yawan abin da suke saye, darajar naira kuma ta sa kayan waje suka fi na gida araha. Kafin ƙarshen shekarun 1970 Nijeriya ta daina fitar da manja, ta fara shigo da man girki.

A daidai wannan lokaci aka kwashe wa Arewa abin da take dogara da shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, masana'antun matsar gyaɗa na Bompai suka rasa abin matsa. Manoma da yawa a kudancin Kano suka koma ga masara da wake, waɗanda ruwan madatsar Tiga ya kai gare su kuma suka kama shinkafa da alkama da tumatir. Dukansu abinci ne, amma ba mai ba da mai a cikinsu. Gidan da a da yake matsar nasa ya koma saye, kuma man da ya fi araha a kasuwa na kwakwa ne. Har yau akwai matan da suke sana'ar ƙuliƙuli a ƙasar Rano, man gyaɗarsu kuwa ya fi na kanti daraja. Amma da yawa daga abin da ake aunawa daga jarka da sunan man gyaɗa bai taɓa ganin gyaɗa ba, manja ne da aka tace a masana'anta aka cire masa ja da ƙanshi. Wanda yake suyar ƙosai da shi, manja yake ci bai sani ba.

Daga 1986

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki, ta kuma hana shigo da man girki. Tun daga nan manufar gwamnati ba ta zauna wuri ɗaya ba, a rufe, a buɗe, a sake rufewa. A 2008 aka yarda a shigo da ɗanyen manja bisa harajin kashi 35 cikin 100. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa shi cikin kaya 41 da ba za a ba masu shigo da su kuɗin waje ba, aka janye wannan a Oktoba na 2023. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. Kowace rufewa takan buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa, man Asiya ya sauka a Kwatano ya shigo ta ɓarauniyar hanya, wani ma ta ƙasar Nijar. Itacen kwakwa yakan yi shekara 25 yana ba da amfani, mai son zuba jari a kansa kuwa yana bukatar dokar da za ta daɗe ba ta sauya ba.

Duk da haka an sami ci gaba. Gandun Okomu a Jihar Edo, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 1976 aka sayar da hannun jarinsa a 1990, da kamfanin Presco na 1991, sun faɗaɗa ƙwarai. Amma har yanzu wajen kashi 80 cikin 100 na manjan ƙasar nan daga ƙananan manoma da kwakwar daji yake fitowa, kuma matsar gargajiya takan bar kusan rabin man a cikin tuƙa. Gibin da ya rage, dubban ɗaruruwan ton a kowace shekara, daga waje ake cike shi.

Mai tambaya zai ce, ina ruwan matar Durba da man Malesiya, tun da ita jan man ƙauye take saye? Amsar tana wajen masana'antu. Masu yin taliya da biskit da sabulu da man buredi suna bukatar mai mai yawa, akasarinsa na waje ko na manyan gandaye. Idan na waje ya yi tsada sai su aika wakilansu kasuwannin Imo da Akwa Ibom da Edo da Kogi, su yi gogayya da ɗan sarin Kano a kan jarka ɗaya. Haka aka gani a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ta da farashin man girki a duniya, Indunisiya kuma ta hana fitar da manja daga 28 ga Afrilu zuwa 23 ga Mayu. Haka kuma aka gani bayan cire tallafin fetur da sakin naira a tsakiyar 2023, domin kowace jarka sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan mota kafin a sauke ta a kasuwar Galadima ta Kano, sa'an nan a sake ɗora ta zuwa Rano da Kibiya. Tsada kuma takan jawo algus, shi ya sa hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan manjan da ake zuba wa rini domin ya ƙara ja.

Ko a shekarar da ba a sami wata fitina ba, farashin yana da nasa zagaye. Daga Fabrairu zuwa Mayu kwakwa take nuna da yawa a kudu, mai ya yi araha, masu jari su sara su jibge a jarkoki masu lita 25. Daga Oktoba zuwa Disamba nono yakan yi ƙaranci, sai a fito da na ajiya da tsada. Waɗannan watanni kuwa su ne kaka a Durba, lokacin bukukuwan aure da biyan bashin taki, lokacin da hatsi ya cika kasuwa farashinsa ya faɗi. A ranar kasuwa ɗaya magidanci yakan sayar da wakensa a mafi arahar farashin shekara, ya taka 'yan taku zuwa rumfar mai manja ya saya a mafi tsadarsa.